Waigi

Ruwan Agusta ya kwana yana zuba a Farin Gada.
Da safe garejinmu taɓo ne da baƙin mai,
bakan gizo kwance a cikin kwatami.
Mu bakwai muka jeru, hannuwa a hammata,
sanyin Jos yana cizon kunne.

Oga Dalyop ya fito da shayi a gwangwanin madara,
biro a bayan kunne, littafinsa ya sha giris.
Ko sannu bai ce ba.
Da haɓa ya nuna tsohuwar Fijo:
"Wata shida kuna miƙo mini sifana.
Yau zan ga hannun kowa."

Lurwanu aka fara kira.
Ya zaro sandar awon mai, ya goge da tsumma,
ya mayar, ya sake zarowa,
ya murza ɗigon tsakanin yatsu
kamar mai taya man gyaɗa a kasuwa.
"Ya tsinke, Oga, sai juye."
Biro ya motsa.

Kangyang, ita kaɗai mace a cikinmu,
da aka tada inji sai ta rufe ido,
ta karkata kai kamar mai satar jin hira ta katanga.
Injin na tari, yana ɗingishi da ƙafa uku.
"Filogi na biyu ne," ta ce,
ta kwance shi, ga bakinsa kamar gindin tukunya.
Oga ya kurɓi shayi
don kada mu ga haƙoransa.

Sai ni. Tayar baya, ta hagu.
Aikin da na yi sau ɗari, har a mafarki ina yinsa.
Na sassauta noti tun tana ƙasa, yadda aka koya mana,
na cusa jak, na murza, na murza,
mota ta ɗaga ƙugu,
zuciyata tana raɗa mini: Tasi'u, ka haye.

Sai na ji ƙiiit.

Garejin nan gangare ne,
ina ne ba gangare ba a garin nan?
Fijo ta yi niyyar zuwa Katako babu direba.
Taƙi ɗaya ta gusa, jak ya karkace,
kafin salati ya iso bakina
Kangyang ta shuri dutse da takalmin roba,
ya shige gaban tayar gaba.
Mota ta tsaya.
Gwiwoyina ba su tsaya ba.

Da ma tsawa ya yi mini.
Sai ya ajiye gwangwani, ya tsuguna daidai fuskata,
ya buɗe hannun hagu: yatsu uku da guntu.
"Tifa ce, a hanyar Bukur, tun ba a yaye ka ba.
Ni ma ranar na iya noti.
Dutse na raina."

Ya yi rubutu. Na leƙa ta kafaɗarsa:
sati biyu, ya sake.

Sauran suka tafi wurin mai shayi da ihunsu,
ni na zauna ina wanke sifanu a kwanon fetur,
lamba goma, sha biyu, sha bakwai,
ina jera su kamar ban san su ba.
Kangyang ta dawo da soyayyen dankali a takarda,
ta raba biyu, ba ta ce komai ba.

Da yamma na bi ta ƙasa zuwa Unguwar Rogo.
Garin da duwatsu ke goya junansu,
a nan aka yanke mini cibi,
ban taɓa tsayawa na dube su ba.
Na zaɓi ɗaya mai ƙusurwa, cikin tafi biyu,
na kai shi ƙarƙashin gado, kusa da takalmin aiki.

Inna ta gani wajen shara.
"Wannan fa, na sakin labule ne?"
Na ce a bar shi nan, Inna,
ranar Litinin tare za mu fita.